Mai Askin da Ba Ya Tari

Ƙanena mai aski ne. Shekararsa sittin da ɗaya, furfura ta gama cinye masa kai, amma har yau Auta nake ce masa, kuma har yau yana amsawa, don ya san in bai amsa ba akwai sunan da ya fi wannan muni a bakina. Ni na goya shi. Saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa, wanda ya ga na yi ƙari ya zo ya same ni, gwiwoyina ba sa barina in yi nisa.

Shagonsa ɗaki ɗaya ne, a matse tsakanin mai gyaran waya da mai wanki da guga. Kujera ɗaya mai juyi, fatarta ta tsage an liƙe da salatif. Madubi mai tabo a kusurwa, bencin masu jira, sai labule a can baya, bayan labulen kuma famfo da wurin wanke hannu. Shekara talatin da takwas ya yi a tsaye a wannan ɗaki. Yana da injin aski kamar kowa, amma raina shi yake yi. Ya kan ce inji ko akuya aka damƙa wa za ta yi aski. Abin taƙamarsa aska ce: ruwan ɗumi, kumfa, tawul, gyaran fuska irin wanda mutum zai tashi yana shafa haɓa kamar yau aka ba shi ita. Akwai masu wuce shaguna goma su zo su zauna a bencinsa don wannan kawai.

Ubangidan da ya koya masa sana'a wani tsoho ne mai hannu kamar icce, kuma doka ɗaya ya fi riƙewa: mai aski ba ya tari, ba ya atishawa a kan mutum. Aska tana wuyan bawan Allah, kai kuma ka girgiza? Duk ranar da Auta ya kuskura ya yi ko gyaran murya, sai ya ji mataji a ƙeya. Da haka ya koyi haɗiye tari. Ya danna harshe a ganɗa, ya riƙe numfashi, idanu su kawo ruwa, shi ke nan ya wuce. In ya gama da mutum sai ya shiga bayan labule, ya buɗe famfo har ƙarshe, ya yi tarinsa a cikin ƙarar ruwa, ya wanke hannu ya fito. Mutane su ce kai, wannan mutum da tsafta yake. Numfashin ma haka ya hore shi. Daga ƙasan haɓa zuwa maƙoshi, inda fata ta fi laushi, ba ya shaƙa ba ya fitarwa sai aska ta tashi.

Tsohon ya daɗe da rasuwa, amma matajinsa bai bar ƙeyar ƙanena ba. Halin ya biyo shi har gida. Ni da nake zaune a ɗakin baya na gidansa tun rasuwar mijina, ba zan iya cewa ga ranar da na ji tarinsa ba. Matarsa ma haka, ko da yake ita ba shaida ba ce, don ba ta taɓa yin shiru tsawon da za ta ji wani ba. Rediyo nake ce mata. Ba ƙiyayya ba ce, maɓallin kashewa ne ba a yi mata ba.

Ciwon suga ya same shi shekara goma sha biyu da suka wuce. Hawan jini ya biyo baya kamar an aike shi. Shekara uku ke nan kuma zuciya ta fara kasala. Magungunansa a gwangwanin biskit suke, kuma a nan ba zan ci haƙƙinsa ba, bai taɓa tsallake ko ƙwaya ɗaya ba. Asibitin ne ba ya so. Wanzami dai ba ya son jarfa. Ya ce duk zuwansa sai an ƙwace masa wani abu: zuwan farko aka cire masa sukari daga shayi, na biyu aka cire gishiri daga miya, na uku aka hana shi hawa bene. A zuwansa na ƙarshe likitarsa, wata yarinya siririya mai gilashi da ba ta kai 'yarsa ba, ta gaya masa magana biyu. Ta ce murar wasu mura ce, tasa ba mura ba ce, ranar da ta kama shi ranar zai zo, ga kuma takardar allurar rigakafi ya je a yi masa. Sannan ta ce in zuciyar ta ƙara ja da baya, tsayuwar yini guda ta ƙare.

Ta farkon ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu. Ta biyun ce ta zauna. Ya soke takardar allura a gefen madubi, ya ce sai ranar Litinin da ba a buɗe shago. Litinin nawa ta wuce, madubi ne ya sani. Auta ba mutuwa yake tsoro ba, na daɗe da gane wannan. Ranar da za a ce ya ajiye aska yake tsoro, don ita kaɗai ta rage ba a ƙwace ba.

To, sai ga murar bara. Ta shigo layinmu kamar mai rabon katin gayyata, gida-gida, ba ta tsallake kowa ba. Mai guga ya yi kwana uku a kwance, mai gyaran waya yana aiki da tsumma a hanci. A gidanmu Rediyo ta fara kwantawa, washegari na bi ta. Ita tana nishi tana kiran sunayen iyayenta da kakanninta, ni ina tari kamar tsohon janareta da aka zuba wa gurɓataccen mai. In ka wuce ta ƙofarmu sai ka ɗauka mutum goma ake jinya.

Auta ne ya yi jinyarmu. Da safe ya dafa mana shayi da lemon tsami, ya ajiye wa kowa magani a kan faranti, ya ɗaura agogonsa ya tafi shago, inda mutum ashirin za su hura masa numfashinsu a fuska kafin yamma.

Na ce, "Auta, kai ba ta kama ka ba?"

Ya ce, "Ta leƙo, Yaya. Ta ga kun cika wurin."

"Zo nan in ji."

Na ɗora bayan hannuna a goshinsa. Sanyi ƙalau. Na ce masa ya tafi, mugu dama ba ya ciwo. Rediyo ta ɗago kai daga matashi ta ce, "Ai shi jikinsa na ƙarfe ne, Yaya. Mu da ba mu da suga ba mu da komai ga mu a kwance, shi ko hanci bai ja ba."

Abin da na lura da shi kawai shi ne famfo. Ya dawo daga shago, banɗaki, ruwa shaaa. Ya ci loma biyu ya tashi, banɗaki, ruwa shaaa. Rana ta biyar na buga masa ƙofa da sandata.

"Kai Auta! Kifi kake kiwo a ciki ne? Ko wankan amarci kake yi da tsufanka?"

Ya fito yana goge fuska da tawul, ya yi murmushi ya wuce. Na ɗauka na ci nasara ne. Rediyo kuma ta kawo ƙara cewa ya daina kwanciya sosai, sai ya tara matasai uku ya jingina kamar mai jiran mota. Ta ce gudun tarinta yake yi, shekara talatin da biyu da aure yau ita ake ƙyama. Muka yi masa ca, mu biyu, da majinarmu da komai.

Rana ta takwas na ji ƙarfi, na ce bari in kai masa abincin rana a kula in miƙe ƙafa. Na tarar da Hedimasta a kujera. Tsohon shugaban makaranta ne da ya yi ritaya, abokin cinikin Auta na shekara talatin, mai zuwa sau biyu a mako, rabi don gemu rabi don musu. Kumfa ta rufe masa fuska, ɓangaren dama an gama, saura hagu.

Yana ganina ta madubi ya ce, "Yauwa, Yaya babba. Me kuka yi wa ƙanenki? Na ce masa ƙungiyarsa ba ta iya ƙwallo ba, ya ce mini haka ne. Na ce gara a rufe ta a mayar da filin gonar albasa, ya ce to."

Na buɗe baki zan ƙara gishiri, sai idona ya sauka ƙasa. Auta ya take bayan takalminsa. Mutumin da tun yana saurayi yake cewa mai take takalmi ba a ba shi amana. Ƙafafun sun kumbura sun cika takalmin har sun yi tozo. Na ɗaga kai na dube shi da kyau, abin da ban yi ba kwana takwas ina fama da hancina. Leɓɓansa sun yi launin toka. Ya ja aska sau ɗaya, sai ya dafa bayan kujera da gwiwar hannu kamar yana duba aikin. Ya sake ja, ya sake dafawa. Kafaɗunsa suna hawa suna sauka.

Na ce, "Auta."

"Bari in gama, Yaya." Kalma huɗu, sai da ya huta a tsakiyarsu.

Ya ɗaga haɓar Hedimasta da yatsa biyu, ya kawo aska wajen maƙoshi, ya ja numfashi zai riƙe. Bai riƙu ba. Na ga hannun ya tsaya a iska. Sai ya janye shi a hankali, ya naɗe askar, ya ajiye ta a kan tawul daidai wurinta, ya juya ya nufi labule. Taku biyu ya yi. Na uku bai samu ba, sai ya zauna a bencin masu jira, inda ban taɓa ganin ya zauna ba.

A nan tarin ya ƙwace. Ba shi da ƙara irin nawa. Can ƙasa yake fitowa, a jiƙe, kamar ana jan guga a rijiyar da ta kusa ƙafewa. Da ya ɗan lafa, abin da ya fara faɗa wa Hedimasta shi ne, "Yi haƙuri, ranka ya daɗe."

Mai guga ne ya tsayar da tasi. Muka sa Auta a tsakiya, ni a dama, Hedimasta a hagu da rabin gemu da kumfa tana bushewa a kumatunsa, tawul ɗin shago har yanzu a wuyansa. Direba yana ta leƙen madubi ya rasa wanne ne marar lafiyar.

A asibiti wata nas ta maƙala masa wani ɗan abu a yatsa tana mana fara'a. Ta dubi lambar da ta fito, fara'ar ta ɗauke, ta tafi da sauri. Kafin in gyara mayafi an ɗora shi a gado an rufe masa hanci da baki da robar iskar oksijin. Likitar nan mai gilashi ta zo.

"Mama, tun yaushe yake tari?"

Na ce, "Ba ya tari."

Ta dube ni ta saman gilashi.

"Wallahi 'yar nan, gida ɗaya muke. Mu ne masu tarin."

Ta sunkuya wajensa. "Baba, kwana nawa?"

Ya ɗaga yatsu. Biyar a hannu ɗaya, uku a ɗayan. Tare muka fara, ashe.

Na ce ai jikinsa bai yi zafi ba, ni da kaina na taɓa. Ta ce masu shekaru da masu irin ciwonsa sau da yawa zazzaɓi ba ya nuna a jikinsu, kada a jira shi. Ta yi mini bayani a tsaye a bakin ƙofa, da muryar wadda ta faɗi maganar nan sau ɗari a wannan watan. Ƙwayar cutar da ta kwantar da ni ita ce dai ta kama shi, ba wata ba. Ni ta same ni da tsufa kawai, shi ta tarar da katanga ta riga ta jiƙe. Ta hargitsa masa suga ya yi sama, ta ƙara wa zuciya kaya, zuciyar ta kasa, ruwa ya taru a huhu, ga ciwon huhun a kai. Ta ce akwai maganin da ya fi aiki a kwana biyun farko. Mu kuwa sai a rana ta takwas muka kawo shi.

Kwana goma sha shida muka yi. Ɗakin gado takwas ne, kuma in ka bi su ɗaya-ɗaya labarin ɗaya ne. Wannan mai ciwon ƙoda, wancan mai asma, na kusa da taga suga da hawan jini. Masu jinya muna zaune a kujerun roba muna gaya wa juna magana ɗaya kamar haddar makaranta: mura ce fa kawai. Na kusa da taga, wani tsohon kafinta, matarsa ta ce duk gidansu an yi an warke. Ranar Laraba da hantsi aka ja labule a kansa, da azahar aka canza zanen gadon. Na gaji a kwanakin nan irin gajiyar da barci ba ya ɗaukewa. Warin maganin goge ƙasa ya shiga mini tufafi, ƙafafuna suka kumbura kamar ina gasa da Auta. Rediyo ta yi shiru. Shekara da shekaru ina roƙon wannan, da ya zo ban ji daɗinsa ba.

Wata rana a baranda ta ce, "Yaya, ɗaki ɗaya nake kwana da mutumin nan. Ina ta cewa ƙyamata yake yi."

Na ce, "Ke kin ma yi ƙoƙari. Ni da na goya shi, kifi na tambaye shi."

Ta yi dariya tana share hanci da bakin zane, daga nan dariyar ta koma wani abu.

Da ya fara farfaɗowa sai wata sabuwar rigima ta taso. Kowace safiya wata nas mai faffaɗan tafi takan zo ta zaunar da shi, ta bubbuga masa baya, ta ce, "To Baba, yi tari. Da ƙarfi. Sai abin da ke ƙirjin ya fito." Auta ya dubi nas, ya dubi mutum bakwai da masu jinyarsu, ya danna harshe a ganɗa. Idanu su kawo ruwa. Shiru.

"Baba, ba wasa nake ba. In bai fito ba komawa baya za mu yi."

"Ina ƙoƙari, 'yata."

Kuma gaskiya ya faɗa. Ba taurin kai ba ne, jikin ne ba ya yarda. Kwana biyu ana haka. A na uku na tashi da sandata, na ja masa labule, na taka har ƙarshen ɗakin inda wurin wanke hannu yake, na murɗa famfo har ƙarshe. Na ce wa mutanen ɗaki kowa ya dubi gabansa, ba sinima aka zo ba. Can sai muka ji shi, a bayan labule, yana fitar da abin kwana da kwanaki.

Nas ta leƙo. "Mama, ruwan nan fa?"

Na ce, "Magani ne, 'yar nan. Ba ya cikin littafinku."

Daga ranar aikina ke nan, safe da yamma, tsohuwa mai shekara saba'in da biyu tana gadin famfo.

Ranar sallama likita ta zaunar da mu uku. Ta ce ya tsallake, amma zuciyar ba ta koma inda take ba, kuma ba za ta koma ba. Tsayuwar yini babu. Cunkoson masu mura babu. Allurar da takardarta ke soke a madubi, da zarar ya ƙara ƙarfi, mu ukun za a yi wa. Auta ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi tambaya ɗaya.

"Aska fa?"

Ta ce, "Baba, ni ban san aikinku ba. Kai za ka gaya mini."

Wata biyu ya yi a gida yana takawa daga ɗaki zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa bakin layi. Ya rame har agogo yana yawo a hannunsa. Daga baya aka yi sulhu: shago da safe kawai, kai huɗu ko biyar, takunkumi a fuska, doguwar kujera a gefensa ya riƙa zama. Ni kuma aka ajiye ni a bakin ƙofa. Duk wanda ya zo yana jan hanci sai in ce masa gashi ba ya ruɓewa, ya dawo mako mai zuwa. An yi fushi da ni, an kira ni 'yar sanda. Ban damu ba, na ji waɗanda suka fi wannan daga bakin surukai.

Ranar da ya koma, kafin kowa ya zo, na gan shi ta madubi. Ya buɗe aska, ya ɗaga ta a iska a kan kujerar da ba kowa, ya ja numfashi ya riƙe. Leɓɓansa suna motsi, ƙirga yake yi. Aske maƙoshin mutum yana cin ƙirga ashirin, shi ya taɓa gaya mini. A bakwai ya saki. Ya huta, ya sake. Shida. Na juya ina kallon titi kamar motoci sababbin abu ne.

Hedimasta ne ya fara shigowa, da gemu ya yi buya-buya, don ya rantse ba wanda zai taɓa masa fuska sai Auta ya dawo. Ya zauna, ya ɗaga haɓa tun ba a ce masa ba.

"To bismilla. Ka bar ni da rabi, ka zo ka cika aikinka."

Auta ya ɗaura masa tawul, ya kunna inji, ya rage masa kai da gefen kumatu tsaf. Suka ɗan taɓa musun ƙwallo, ba mai tsawo ba. Da ya gama sai ya kaɗe tawul ɗin, ya naɗe.

"Saura wuya," in ji Hedimasta.

"Ranka ya daɗe, ka tsallaka titi. Shagon can mai shuɗiyar ƙofa."

"Wancan? Wanda ka ce da hannunsa gara fartanya?"

"Ya gyaru. Na sha leƙa aikinsa." Ya tsaya ya ja iska. "Ka ce masa akwai tawadar Allah a ƙasan haɓarka ta hagu, gashi ya rufe ta, ba zai gani ba. Ya zagaye ta. Kuma gashin wuyanka gefe yake kwanciya, ba ƙasa ba. In ya bi ta ƙasa za ka yi ƙuraje."

Hedimasta ya shafa ƙasan haɓarsa ta hagu. Sannan ya tashi, ya sa hularsa, ya wuce ni ba ko tsokana. Muka bi shi da ido yana jiran motoci su rage, ya tsallaka a hankali, ya tsaya a ƙofar can yana nuna haɓarsa da yatsa.

Auta ya hau doguwar kujerar ya zauna, hannuwa a kan gwiwa.

"Yaya, akwai wani?"

Na ce akwai biyu, ɗaya na kore shi.

"To bari in ɗan huta, sai ki turo ɗayan."